Tambaya a kan R. E. Foster, wanda ya jagoranci Ingila a kurket da ƙwallon ƙafa

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure. Ina da tambaya a kan tarihin wasanni, kuma ina fata masu ilimin abin za su taimaka mini da bayani mai gamsarwa. Na sha jin ana ambaton wani Bature ɗan Ingila mai suna R. E. Foster, wanda aka fi sani da laƙabin Tip, ana cewa shi kaɗai ne a tarihi ya taɓa zama kyaftin ɗin Ingila a wasan kurket da kuma ƙwallon ƙafa. Abin ya tsaya mini a rai, domin a yau ɗan wasan da yake buga wa babbar ƙungiya da kyar yake samun hutun makonni kaɗan a shekara, balle a ce ya ɗauki wani wasan na daban har ya kai ga wakiltar ƙasa a cikinsa.

Abin da nake son sani shi ne, wane ne wannan mutum, daga wane gida ya fito, kuma me ya yi a kowanne daga cikin wasannin biyu? Sannan ina son jin ra'ayinku a kan ko hazaƙarsa ce ta kai shi wannan matsayi, ko kuwa wasannin ne suke da sauƙi a wancan zamani. Ina roƙon duk wanda zai amsa ya ɗan fayyace alƙaluman kurket, domin da yawa daga cikinmu ƙwallon ƙafa muka tashi muna kallo, kuma idan an ce mutum ya ci maki kaza a kurket ba ma gane nauyin abin. Na gode.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma har yau ba a sami wanda ya maimaita shi ba.

Cikakken sunansa Reginald Erskine Foster. An haife shi a garin Malvern da ke gundumar Worcestershire a shekarar 1878. Mahaifinsa limamin coci ne kuma malami a makarantar kwana ta Malvern College, ɗaya daga cikin makarantun da 'ya'yan masu hali suke zuwa. 'Ya'yansa maza bakwai duk sun buga wa gundumar Worcestershire kurket, har mutane suka riƙa kiran gundumar da sunan gidansu. A shekarar 1899, wadda ita ce shekarar farko da Worcestershire ta shiga gasar gundumomi ta Ingila, Reginald da yayansa Wilfrid suka ci fiye da maki ɗari kowannensu a zagaye na farko da na biyu na wasa guda da Hampshire.

Tun da ka nemi a fayyace alƙaluma, bari in tsaya a nan kaɗan. Kowace ƙungiya tana da mutum goma sha ɗaya. Ƙungiya ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗayar kuma tana bugu. Mai bugu yana tsayawa da sandarsa a gaban wasu turaku uku na katako, mai jifa kuwa yana neman ya bugi turakun da ƙwallon, ko ya sa mai bugun ya ɗaga ta sama a cafe. Ana samun maki ɗaya duk lokacin da masu bugu biyu suka yi gudu suka sauya wuri, idan kuma ƙwallon ta gangara har iyakar fili an sami maki huɗu ke nan. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da mutum, kuma idan an fitar da shi ba zai sake bugu ba a wannan zagayen. Saboda haka wanda ya ci maki ɗari ya shafe sa'o'i yana fuskantar ƙwallo mai tauri kamar dutse ba tare da ya yi kuskuren da zai fitar da shi ba.

Foster ya yi karatu a Jami'ar Oxford, inda ya wakilci jami'ar a kurket da ƙwallon ƙafa da golf da wasan raket. A shekarar 1900 ya ci maki 171 a wasan shekara-shekara tsakanin Oxford da Cambridge, adadin da ba a taɓa kai wa ba a wannan karawa kafin shi. A wannan shekarar kuma, a filin Lord's da ke Landan, ya ci 102 da 136 a zagaye biyu na wasan da ake yi tsakanin masu buga kurket don sha'awa da masu karɓar albashi, wato ya yi wannan bajinta ne a gaban ƙwararrun masu jifa na ƙasar baki ɗaya.

Amma abin da ya sa sunansa ya zauna a tarihi ya faru ne a birnin Sydney a watan Disamba na 1903. Ingila ta je Ostareliya a ƙarƙashin jagorancin Pelham Warner, kuma wannan ne wasan farko da Foster ya buga wa ƙasarsa a matakin da ake kira Test, wanda ake shafe kwanaki ana yi. Ostareliya ta fara bugu, dukan 'yan wasanta suka tara maki 285. Da Foster ya shiga, shi kaɗai ya ci 287. Ya shafe kimanin sa'o'i bakwai yana bugu, kuma abin da na fi jinjina masa a kai shi ne yadda ya yi a ƙarshen zagayen. A lokacin an riga an fitar da mutum tara, saura Wilfred Rhodes kaɗai, wanda a wannan tafiya saboda jifa aka ɗauke shi, kuma shi ne na ƙarshe a jerin masu bugu. Su biyun suka ƙara maki 130 kafin a fitar da Foster, Ingila ta tashi da 577. Victor Trumper na Ostareliya ya mayar da martani da maki 185 a zagaye na biyu ba tare da an fitar da shi ba, amma duk da haka Ingila ta yi nasara, kuma a ƙarshe ta lashe jerin wasannin da ci uku da biyu.

Wannan 287 ya zama adadi mafi yawa da mutum ɗaya ya taɓa ci a wasan Test har zuwa 1930, lokacin da Andy Sandham ya ci 325. A filin Sydney kuwa sai a 2012 Michael Clarke ya wuce shi. Har yau babu wanda ya ci sama da 287 a wasansa na Test na farko. A 1907 aka ba Foster kyaftin a wasanni uku da Afirka ta Kudu, wadda ta zo da masu jifa huɗu da suka ƙware a wani sabon salon murɗa ƙwallo da ya rikita masu bugu a lokacin, Ingila ta ci wasa ɗaya aka tashi babu nasara a biyu.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa, ɗan wasan gaba ne a ƙungiyar Corinthian, kuma ya buga wa Ingila sau biyar tsakanin 1900 da 1902. A watan Maris na 1901 ya buga wasa da Ireland a Southampton tare da C. B. Fry, wanda shi ma gwani ne a wasannin biyu. A watan Maris na 1902 ya jagoranci Ingila a wasanta da Wales a garin Wrexham, aka tashi babu ci. Ra'ayina shi ne, mutumin da ya yi abin da ya yi a Sydney ba za a ce sauƙin zamani ne ya taimake shi ba, domin filayen wancan lokaci ba a rufe su daga ruwan sama yadda ake yi yanzu, kuma mai bugu ba ya sa hular kariya.

Baba Mai Rediyo ya rubuta:

Allah ya saka wa Malamin Tarihi da alheri. Ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ya kawo ba, amma ina ganin rabin amsar ke nan, domin tambayar Ɗan Fagge a kan kyaftin take, kuma kyaftin a Ingila ta wancan zamani ba hazaƙa kaɗai ke bayar da shi ba.

Da farko, haɗa wasannin biyu ba baƙon abu ba ne a lokacin. Ana buga kurket daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa farkon Satumba, ƙwallon ƙafa kuma ta karɓa daga Satumba zuwa Afrilu, kamar dai manomin da yake gona da damina ya kama wata sana'a da rani. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da dama ma daga ƙungiyoyin kurket suka fito, saboda 'yan wasan suna neman abin da zai riƙe su tare a lokacin hunturu. Haka aka kafa Sheffield Wednesday a 1867, da Derby County a 1884, da Sheffield United a 1889. Tottenham Hotspur ma yaran wata ƙungiyar kurket ne suka fara ta a 1882, kuma AC Milan ta Italiya da sunan kurket a jikin sunanta aka kafa ta a 1899. Charles Alcock, wanda ya kawo shawarar gasar cin kofin FA, shi ne sakataren Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila kuma shi ne sakataren ƙungiyar kurket ta Surrey a lokaci guda, sannan wasan ƙarshe na farko na kofin FA a 1872 aka buga shi a The Oval, wanda filin kurket ne.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne bambancin aji. 'Yan kurket kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan manya da suke bugawa don sha'awa, akwai kuma 'ya'yan talakawa da suke bugawa don su ci abinci. A manyan filaye ɗakin sauya kayansu daban, ƙofar da suke fitowa fili daban, har a takardar sakamako ana rubuta sunansu ta hanya daban domin mai karatu ya gane wane ne ɗan gata. Ba a soke wannan rabe-rabe ba sai bayan kakar 1962, kuma a ƙarni na ashirin Ingila ba ta ba mai karɓar albashi kyaftin ɗin kurket ba sai a 1952, lokacin da aka naɗa Len Hutton. A ƙwallon ƙafa an halatta biyan albashi tun 1885, kuma wani lokaci akan ba ma'aikacin ɗan wasa jagoranci, amma idan akwai ɗan makarantar manya a cikin tawaga galibi shi ake miƙa wa. A wasan Wrexham da Malam ya ambata akwai Steve Bloomer na Derby County da Ernest Needham na Sheffield United, waɗanda suka fi Foster daɗewa a tawagar ƙasa nesa ba kusa ba.

Ku dubi William Gunn na Nottingham. Ya buga wa Ingila ƙwallon ƙafa sau biyu a 1884 yana ɗan wasan Notts County, ya buga mata wasan Test sau goma sha ɗaya, kuma a 1890 ya ci maki 228 a kan tawagar Ostareliya a Lord's. Shi ma gwani ne a wasannin biyu, amma da yake albashi yake karɓa a kurket, ba a ba shi jagorancin ƙasa ba. Da guminsa ya gina kansa, ya kafa kamfanin sassaƙa sandunan kurket na Gunn & Moore a 1885, wanda har yanzu yana nan. Ni a wurina irin su Gunn sun cancanci a riƙa ambatonsu duk lokacin da aka ambaci Foster.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba. Wani abu ya ɗaure mini kai a bayanin Malam. Mutumin da ya fara da maki 287 a 1903, me ya sa ba a sake jin ɗuriyarsa a tawagar ƙasa ba sai 1907, kuma ina ya shiga bayan nan?

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Ɗan'uwa Ɗan Fagge, dalilai biyu ne, na farko neman abinci, na biyu rashin lafiya.

Wanda yake bugawa don sha'awa ba a biyansa albashi, kuma Foster ɗan malamin makaranta ne mai 'ya'ya da yawa, ba magajin wata babbar dukiya ba. Dillali ne a kasuwar hannayen jari ta Landan, kuma wasan gunduma ɗaya kwana uku yake ci, tafiya Ostareliya kuwa a jirgin ruwa ake yinta, tana cinye kusan rabin shekara. Bayan kakar 1901, wadda ya ci fiye da maki 2,000 a cikinta, bai ƙara buga cikakkiyar kaka yadda ya kamata ba, sai dai ya fito idan aiki ya ba shi dama. An yi masa tayin jagorantar tawagar da za ta koma Ostareliya a ƙarshen 1907, ya ce harkokin kasuwancinsa ba za su bar shi ba. Wasannin Test takwas kacal ya buga a rayuwarsa, biyar a Ostareliya da uku a gida. Wannan ya nuna cewa tsarin da Baba ya bayyana, wanda ya ɗaga shi ya ba shi kyaftin, shi ne kuma ya hana shi zama a fili, domin ɗan gidan mutunci a wancan lokaci ba ya karɓar albashi a kan wasa ba tare da ya zubar da darajarsa a idon ajinsu ba.

Sai kuma ciwon sukari ya kama shi. Ya buga wasansa na ƙarshe a babban mataki a 1912, ya rasu a Landan a watan Mayu na 1914 yana da shekara 36. Wannan ɓangaren yana taɓa mini zuciya saboda aikina. A wancan zamani likita ba shi da wani abin da zai yi wa mai wannan ciwo illa ya taƙaita masa abinci matuƙa, musamman duk abin da yake da sitaci ko zaƙi, majiyyaci ya yi ta ramewa yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. Sai a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fara aikin da ya kai ga samar da insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a watan Janairu na 1922, shekara takwas ba ta cika ba da rasuwar Foster. Ina roƙon masu karatu su lura cewa wannan ciwo ya kama mutumin da ya wakilci jami'arsa a wasanni huɗu, saboda haka ƙarfin jiki ba hujja ba ce ta ƙin zuwa a gwada jini.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Baba ya yi gaskiya a kan aji, kuma zan ƙara masa hujja. Mutum na farko da ya wakilci Ingila a wasannin biyu shi ne Alfred Lyttelton, wanda ya yi karatu a Eton da Cambridge. Ya buga ƙwallon ƙafa da Scotland a 1877, sannan ya buga wasan Test na farko da aka yi a ƙasar Ingila a 1880, duka a The Oval. Wannan mutum daga baya ya zama Sakataren Harkokin Ƙasashen Mulkin Mallaka daga ƙarshen 1903 zuwa ƙarshen 1905, wato watanni kaɗan bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, kuma ofishinsa ne Lugga yake aika wa rahoto daga Arewa. Makarantun da suka horar da su Foster da Lyttelton su ne suka horar da yawancin jami'an mulkin mallaka, kuma sun yi imani cewa fili yana gyara halin yaro. Da wannan tunani aka koyar da kurket da wasan fives, wanda ake buga ƙwallo da hannu a jikin bango, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi fice a fives, wasan da har yanzu ake bugawa a wasu garuruwan Arewa.

Inda na saba da Baba shi ne, aji yana iya ba mutum kyaftin, amma ba ya ba shi maki. 'Ya'yan manya da yawa sun shiga fili a Ostareliya an fitar da su tun ba su yi zufa ba. Ranar da Foster ya ci 102 da 136 a Lord's, masu karɓar albashin ne suke jifansa, kuma ba su da wani dalilin raga masa.

A kan tambayar ko za a sake samun irinsa, mutum goma sha biyu ne kawai suka wakilci Ingila a cikakken mataki a wasannin biyu. Na ƙarshe su ne Willie Watson, wanda yana cikin tawagar Ingila a gasar cin kofin duniya ta 1950 a Birazil kuma ya ci maki 109 a kan Ostareliya a Lord's a 1953, da Arthur Milton na Arsenal, wanda ya buga ƙwallon ƙafa da Ostiriya a 1951 sannan ya fara wasan Test a 1958. Denis Compton, wanda ya ci gasar lig da Arsenal a 1948 da kofin FA a 1950, ba ya cikin lissafin, saboda wasannin ƙwallon ƙafa da ya buga wa Ingila na lokacin yaƙi ne, kuma hukuma ba ta ƙidaya su. Bayan su kakar ƙwallon ƙafa ta faɗaɗa, tana farawa a Agusta tana ƙarewa a Mayu, ga atisayen share fage a Yuli, kurket kuma ta koma ana yinta duk shekara saboda tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje. Ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa da maƙudan kuɗi ba za ta yarda ya tsaya a gaban ƙwallon kurket ba, kuma yaro tun yana ƙarami ake sa shi ya zaɓi ɗaya. A wasannin mata ne abin ya ɗan jima, domin Ellyse Perry ta Ostareliya ta fara wakiltar ƙasarta a kurket da ƙwallon ƙafa a 2007 tana da shekara 16, ta ci ƙwallo a ragar Sweden a gasar cin kofin duniya ta 2011, amma ita ma da wasannin mata suka koma na albashi sai ta tsaya a kan kurket kaɗai.